Baba Ya Saki Igiyar Jikarsa Don Ya Gaisa da Aboki

Gwaggo Odile,

Na saba karanta shawarwarinki a jarida, don Allah ki agaza mini, kaina ya kulle. Kafin watan Satumba ya ƙare dole in yi wa 'yata Lison rajistar shekara a zauren hawan bango, kuma zaure biyu ne a gabana, kowanne da nasa aibin. Shekararta goma sha ɗaya, ba ta da zance sai hawa, ko ƙofar ɗaki ta gani sai ta gwada maƙalewa. Amma kada in yi ta kewaye-kewaye. Zaɓen zauren nan shi ne zaɓen wanda zai riƙe mata igiya idan tana can sama, ko mahaifina ko wani bare. Ni kuwa na daina yarda da hannun mahaifina, kuma na rasa bakin da zan gaya masa.

Sunansa Fernand, ya haura saba'in. Duk wanda ya daɗe yana hawan dutse a birnin Grenoble ya san shi, in bai san fuskarsa ba ya san tsawarsa. Shi da abokansa suka kafa ƙungiyar unguwarmu tun ina goye, a wata tsohuwar masana'antar safar hannu da aka bar wa ɓeraye. Da hannunsu suka tayar da bangon katako har rufi, suka ɗaɗɗaure mariƙan da ake kamawa a hau, don su samu wurin motsa jiki idan dusar ƙanƙara ta rufe duwatsun Vercors. A can na iya ƙulla igiya kafin in iya ɗaure takalmina. Saboda haka kada ki ɗauka wata 'yar gayu ce ta leƙa sau ɗaya ta toshe hanci. Gidanmu ne nake ba ki labari.

To amma Gwaggo, ƙazanta! Tir! Tun daga bakin ƙofa wari zai tare mutum, warin ƙafa da tsohon gumi, haɗe da tsamin cukun da suke ajiyewa a wani firij da ya daɗe da mutuwa ba a yi masa jana'iza ba. A lungu akwai kwalin da ake zuba takalman aro. Takalmin hawa kuwa ba a sa shi da safa, ƙafa tsirara ake cusawa, wannan ya cire da gumi wancan ya zura da ɗuminsa. Sau ɗaya Lison ta ara, ta dawo mini tana susar tsakanin yatsu har da jini. Katifun da aka shimfiɗa a ƙasa don mai faɗowa, an manta asalin launinsu. Garin allin da suke shafawa a hannu ne, gashi ne, filasta mai jini da wani ya ɓare daga yatsa ya yar. Norbert, aminin Baba, da idona na gan shi zaune a kan katifa yana yanke farcen ƙafa da 'yar wuƙarsa ta aljihu, farce na tsalle ko'ina, ya gama ya goge ta a wando, ya yanko cuku da ita ya miƙo mini. Na ce na ƙoshi. Ya ce, "Ke 'yar Fernand, yaushe kika waye? Da cukun nan aka yaye ki!"

Banɗaki kuwa kada ma ki tambaya. Da takalman hawa suke shiga, su taka zarni, su fito su taka mariƙan da yarinya za ta kama da hannu, ta kuma share baki da hannun. Idan na yi magana sai su dube ni su ce su ba sa jin komai. Ina za su ji, gwano ai ba ya jin warin jikinsa.

Duk wannan da na haɗiye, don ni ma a ciki na girma ban mutu ba. Abin da ya tsaya mini a wuya daban ne.

Suna da al'ada a ƙungiyar. Duk wanda ya shigo sai ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya ya ba shi hannu, mata kuma a sumbaci kunci, ba a tsallake ko mutum ɗaya. Wanda aka miƙo wa hannu ya bar shi a rataye, to ya ɗauko wa kansa gaba. Akwai tsofaffi biyu a can da ba sa ga maciji tun ina 'yar makaranta, kuma asalin rigimar hannu ne da aka miƙa ba a karɓa ba. Da wasa nake kallon abin, har ina alfahari da shi, ina cewa mu ba kamar sauran wurare ba ne, mu mun san juna.

Ban sani ba ko kin taɓa hawa, bari in gaya miki yadda igiyar take. Tana tashi daga ɗamarar ƙugun mai hawa, ta bi ta zobe a can sama, ta sauko ta ratsa wani ɗan ƙarfe a ƙugun mai riƙo. Ƙarfen Baba irin na da ne, ba ya kama igiya da kansa, hannun dama shi ne birki. Idan hannun ya saki kuma na sama ya zame, ba abin da zai tare shi sai ƙasa. Shi da kansa ya koya mini haka, da rankwashi. Ya ce ko zuma ta harbe ki, ko gini zai rufto, hannun dama ba ya barin igiya.

Wata Asabar da rana Lison ta hau bangon da ya fi kowanne tsawo, Baba na ƙasa yana riƙe da ita, yana ta "Yauwa akuyata, ɗaga ƙafar hagu!" don haka yake kiranta, akuyar dutse. Ni ina gefe ina cire takalmi. Sai ga Norbert ya shigo yana bin layi yana gaisawa. Ya iso kan Baba ya miƙa hannu. Gwaggo, Baba ya saki igiya ya kama hannun Norbert! Kuma ba taɓawa ya yi ya koma ba, girgizawa suka tsaya yi, har da tambayar yaya gwiwa. Na ga igiya tana lilo sakaka, na ɗaga kai na ga 'yata dab da rufi, ƙafa ɗaya a kan wani mariƙi ɗan mitsitsi, ɗayar tana laluben iska. Na buɗe baki na rufe, don na san in na yi ihu za ta firgita ta waiwayo. Na ruga da takalmi a ƙafa ɗaya na damƙe igiyar. Allah ya sa ba ta zame ba. Ta taɓa sama, ta ce a sauke ta, ta sauko tana dariya. Har yau ba ta san abin da ya faru ba.

Da ƙafarta ta taɓa katifa na aike ta shan ruwa, na juyo na wanke Baba tas a gaban abokansa. Kin san abin da ya fi ba ni ƙyama, fiye da kwalin takalma, fiye da farcen Norbert? Dariyar da suka yi. Norbert ya ce, "Haba 'yar nan, abin ƙiftawa da bismilla? Sai in wuce Fernand kamar ban san shi ba?" Wani ya ce ai yarinyar ba nauyi gare ta ba, ko ta faɗo kamar kyanwa za ta dira. Shugabar ƙungiyar ta ja ni gefe tana raɗa mini wai kada in tozarta dattijo a gidan da ya gina. Baba kuwa fuskarsa ta yi jawur, ya ce, "Ni za ki koya wa riƙon igiya? Na riƙe uwarki a dutsen da ko a hoto ba za ki iya kallo ba, na riƙe ki kina fitsarin kwance! Idona na kanta, na san ba za ta faɗo ba." Ya sani wai! Sai ka ce tsautsayi yana sallama kafin ya shigo.

Bayan ranar na koma ni kaɗai na zauna ina kallon hannaye. Ashe ba shi kaɗai ba ne. Wasu sukan miƙa gwiwar hannu su ci gaba da riƙo, amma tsofaffin suna ɗaukar wannan raini ne, hannu sosai suke so. Kuma yara suna duba ƙullin juna kafin su hau, yadda aka koya musu, amma ba wanda ya isa ya duba ƙullin dattijo, zagi ne. Shekara da shekaru ina shiga wurin nan ban taɓa lura ba, sai da aka rataye tawa 'yar.

Shi ya sa na je na leƙa sabon zauren da aka buɗe a ƙetaren kogi. Tsaf yake kamar asibiti, takalman aro ana fesa musu magani, a ƙofar banɗaki an jera silifa don kada a shiga da na hawa. Amma can ma na yi tsaki har bakina ya gaji. Kiɗa kamar gidan rawa, ba ka jin na sama idan ya ce a sauke shi sai ya ɗaga murya. Samari ba riga, ƙirji a waje, gumi na ɗiga a katifa, kowa ya jingine waya yana ɗaukar kansa a bidiyo. Ɗaya ya faɗo daga gajeren bango ya kwarma ihu kamar ana yanka shi, na zabura zan taimaka, ashe lafiyarsa lau, wayar ya ruga ya duba ko ihun ya fito da kyau. A tsakiyar zauren ana sayar da giya da soyayyen dankali, mutum ya lashe yatsa ya koma ya kama mariƙi da maiƙo. Ba mai gaida kowa. Na yi rabin yini a ciki, ko kallo ban ishi kowa ba.

Malamar ajin yara wata yarinya ce mai zobe a hanci, tana ta taunar cingam kamar akuya ta samu ɓawon ayaba. Na kafa mata ido ina jiran ta yi kuskure. Ba ta saki igiya ba ko sau ɗaya, kuma duk yaron da zai hau sai ta ja ƙullinsa da hannunta ta gani. Wallahi haushi na ji, don laifi na je nema.

Na lallaɓa Baba ya raka mu can, ina tunanin ko zai ci gaba da riƙe wa Lison igiya a wurin da ake sa ido. Ashe dokarsu ita ce duk mai riƙo sai an gwada shi tukuna, kuma da ƙarfen zamani mai kulle igiya da kansa, wanda Baba ke kira na ragwaye. Ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa ta yi masa murmushi ta ce, "Kaka, ka taɓa hawa kuwa?" Sai da na runtse ido. Ya ce, "Ina hawa tun ubanki na rarrafe." Ya dubi samarin nan marasa riga, ya dube ni, ya ce wannan ba zauren hawa ba ne, kantin sayar da gumi ne, ya juya ya fita. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Daga nan ya ɗauke mini wuta, ba kira ba amsa. Ni kuma zuciya ta karaya, Gwaggo. Tun rasuwar mahaifiyata ba shi da wani gida sai ƙungiyar nan, kuma Asabar ɗin Lison ce kaɗai ranar da yake aske gemu. Ya riga ya saya mata sabuwar ɗamara ja, tana rataye a bayan ƙofarsa. Sai na je na same shi na ce, Baba, maganar igiya ta wuce, raina ne ya ɓaci rannan, abin da ya hana ni kawo ta ƙazanta ce, ka ga ƙaiƙayin da ta kwaso. Na ɗauka zai yi tsaki ya ce mu je can mu ƙarata da 'yan gayunmu, in samu hanyar zamewa ba tare da na ce masa hannunsa ne ba.

Kin san abin da tsohon nan ya yi? Ya ɗauki bokiti da buroshi da ruwan bilic, ya shiga masana'antar nan ya durƙusa a kan gwiwar da likita ya hana shi durƙusawa a kai. Ya wanke katifu, ya kwance mariƙai ɗaya bayan ɗaya ya dirje su, ya watsar da kwalin takalma a bola, ya ja mataccen firij ɗin har waje shi kaɗai. An ce har sun yi cacar baki da Norbert a kan wuƙar. Ranar Lahadi ya kira ni, kalma biyu ya faɗa, "Zo shinshina." Na je. Wurin na ƙamshin bilic, hannayensa sun saɓule sun tsattsage, ya tsaya a gabana kamar ɗan makaranta mai jiran sakamako. Ya ce, "To, yanzu akuyata za ta zo?"

Muna tsaye, sai wani ya shigo ya fara bin layi yana gaisawa. A bayan Baba, ta saman kafaɗarsa, na ga wani mai riƙon igiya ya saki ya miƙa hannu, matarsa na can sama. Ga ni tsaye a kan katifar da ya wanke, ban san ko su nake ƙyama ba ko kaina.

Mijina ba shi da amfani a wannan magana, shi ko kujera ya taka sai jiri ya ɗebe shi, abin da na yanke ya yi masa. Lison kuwa Kaka take so, ta ce sabon zauren ba wanda ya san sunanta. Idan na kai ta ƙetaren kogi bayan wankin nan, na kashe Baba da ransa. Idan na kai ta wurinsa, duk Asabar raina na hannun duk wanda ya turo ƙofa. Wanne zan zaɓa, kuma me zan ce masa?

Uwar Akuyar Dutse, Grenoble

*

'Yata,

Na karanta wasiƙarki ina cin burodi da cuku, na iso kan wuƙar Norbert na ajiye. Rabin abin da kika rubuto wari ne, amma ke ma kin faɗa da bakinki cewa ba wari ne ya sa kika rubuto ba, don haka mu tafi kan igiya.

A kan igiya gaskiyarki ce, ba rabi ba. Ni ban taɓa hawa abin da ya wuce tsanin kicin ba, sai na kira wata ƙawata da ta tsufa tana koyar da hawa, na karanta mata. Ta ce babu daƙiƙar da aka yafe, ko ɗaya. Ta kuma ƙara abin da nake so ki riƙe: sabon shiga ba ya sakin igiya, tsoro ya hana shi, gwani ne yake saki, don ya daɗe ba abin da ya faru har ya ɗauka iyawarsa ce. Don haka daɗewar mahaifinki a harkar ba ta wanke shi ba. Kuma waɗanda suka yi dariya, ki bar su da halinsu, kunya ce ta kama su suka rufe ta da haƙora.

Yanzu naki. Faɗan da kika yi masa a gaban abokansa ban ga laifinki ba, uwa ce ta ga 'yarta a rataye. Amma ki sani ba maganar igiya ya ji ba rannan, abin da ya shiga kunnensa shi ne ka tsufa, ka gama amfani, kuma a gidan da ya gina. Inda kika yi kuskure shi ne uzurin ƙazanta. Kin aiki dattijo ya wanke abin da ba shi ne matsalar ba, ya biya da gwiwarsa da fatar hannunsa. Kada ki ƙara masa wani uzurin. Idan kika ce nisa ne, zai zo da mota ya ɗauke ta. Idan kika ce lokaci ne, zai sa a canza lokacin. Haka za ki yi ta wahalar da shi har ranar da zai gane da kansa, ranar kuwa za ta fi yau ciwo.

Amma ki dubi wankin nan da kyau, don akwai albishir a ciki. Mutumin da ya shekara talatin ba ya jin wari, ya tashi ya dirje masana'anta guda har ya yi faɗa da amininsa saboda jikarsa, wannan ba mutum ba ne da ba ya canzawa. Kin gaya masa abu ɗaya a tsanake, ba 'yan kallo, ya yi. Maganar igiya kuwa ba ki taɓa yi masa ita a tsanake ba.

To ki je gidansa, ke kaɗai, ba Lison ba Norbert. Ki fara da godiya, don ya cancanta. Sannan ki ce, Baba, ban gaya maka gaskiya ba, igiyar ce, kuma har yanzu ba na barci a kanta. Kada ki kawo zancen shekarunsa, ba su ne suka saki igiya ba, al'ada ce. Ki ajiye masa sharuɗɗanki a fili. Zai riƙe Lison da ƙarfen nan mai kullewa, kuma duk da haka hannu ba ya sakin igiya, don ƙawata ta ce shi ma ƙarfen mataimaki ne kawai. Kowa zai duba ƙullin kowa kafin a hau, nasa da naki da nata, ki fara miƙa masa naki ya duba don ya ga ba raini ba ne. Watannin farko kina tsaye a bayansa riƙe da wutsiyar igiyar. Sannan babban: a daina gaida mai riƙon igiya a ƙungiyar, a jira ya sauke mutuminsa, kuma shi ne zai tsaya ya sanar. Daga bakinki rashin kunya ce, daga bakin Fernand doka ce. Ki gaya masa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma sharuɗɗan nan tare suke tafiya, ba a ɗaukar biyu a bar biyu.

Lison ma ki gaya mata, ba don ki ɓata mata Kakanta ba. Ita ce a rataye, kuma ta isa ta san cewa kafin ta ɗaga ƙafa za ta dubi ƙulli da ƙarfe da hannun mai riƙonta, ko wane ne, ta kuma iya cewa ban hau ba. Wannan zai bi ta duk inda ta je, har bayan ke da ni.

Game da zaɓen zaure kuwa, ki daina auna shi da hanci da kunne. Samari marasa riga ba surukanki ba ne, ki bar su da wayoyinsu. Ki je lokacin da wuri ya fi cika, ki zauna kamar yadda kika yi, ki kalli hannaye. Akwai ma'aikacin da ke zagayawa yana gyara wa mutane, kuma ana jin maganarsa? Igiyoyin sun yi gashi ko ana canza su? Yara nawa ne a hannun malami ɗaya, kuma yana da shaidar koyarwa? Ki nemi su ba ki wata guda na gwaji kafin ki ɗaure kanki da shekara. Ki saya wa yarinyar takalminta, ƙaiƙayi ya ƙare ko a ina ta sauka. Kuma kada ki raina abin da ta faɗa, wurin da kowa ya san sunan yaro abu ne mai daraja, sabon zauren ba shi da shi. Ba dole ne ki yanke ɗaya ki yar ba. Tana iya shiga ajin malamar nan mai cingam a tsakiyar mako, Asabar kuma ta je wurin Kakanta ya koya mata taku a ƙasa-ƙasa inda ba a buƙatar igiya, har ki ga sharuɗɗanki sun zauna.

Idan ya ƙi fa? To ki yi mata rajista a ƙetaren kogi, a ranar, ba tare da kin nemi afuwar kowa ba. Zai yi fushi, wataƙila ya daɗe yana yi. Ki ci gaba da kiransa, ki ci gaba da kai masa ita gida, ki bar ƙofa a buɗe ko ya ƙi shigowa.

Kin ce idan kika ɗauke ta kin kashe shi da ransa. A'a, 'yata. Uban da ke fushi zai iya zama a teburinki har Kirsimeti bai ce miki uffan ba, yana cin abincinki yana harararki, jikarsa na gefensa tana ba shi labari. Wanda jikarsa ta kuɓuce daga hannunsa kuwa, wannan ba teburin da zai sake iya zama a kai. Kina tsammanin Lison kaɗai kike karewa, alhali su biyu ne a kan igiyar nan.

Allah ya sanyaya zuciyar dattijo, ya ba ki ƙarfin bakin da za ki faɗa masa, ya kuma sauko miki da 'yarki lafiya duk ranar da ta hau.

Gwaggo Odile